Yadda Gudun Fanfalaki Ya Cinye Min Ƙashi

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi, yau na ce bari in rubuto nawa, ko wata za ta amfana.

A shekarun da nake magana a kai, ni 'yar gudun fanfalaki ce, irin na dogon zango da ake rufe tituna saboda shi. A Tirwun na tashi. Mahaifina tsohon ɗan sanda ne, Inna kuwa masa take toyawa a ƙofar gida. Kullum bayan sallar asuba nakan sa dogon wando da ɗankwali in kama hanyar Gubi, in kai bakin dam in juyo kafin motoci su cika hanya. Da farko 'yan unguwa sun yi surutu, amma da aka fara jin sunana a rediyo, su ne kuma suke tare Baba a masallaci suna masa barka.

Daga nan aka ɗauke ni zuwa sansanin horo a kan duwatsun Filato. Kocinmu mutum ne mai sikeli, kowace safiya sai mun hau. Ya ce min ƙafata ta isa ta kai ni ƙasashen waje, nauyina ne ke riƙe ni. Na rage tuwo, na daina taɓa mai, har ya kai in kwana da ruwan shayi. Na rame, gudun kuma ya ƙaru. Ana cikin haka al'adata ta ɗauke. Na gaya wa wata da ta girme ni a sansanin, ta yi dariya ta ce ai barka za ta yi min, duk wadda ta yi nisa a harkar haka take, alamar jiki ya nuna ke nan. Na yarda, domin nasara nake ta samu, a Legas da wajen ƙasa, ga shi na huta da fargabar zuwanta ranar gasa.

Wani watan azumi na dawo gida hutu. Inna ta lura ko tanda aka sauke ba na kallon masar, sannan ta ga wata ya kusa ƙarewa ban sha azumi ko ɗaya ba, ban kuma fasa sallah ba. Wata rana da hantsi ta kira ni ɗaki ta sa sakata, ta ce, "Ki gaya min gaskiya tun babanki bai ji ba, wa ya taɓa ki a can?" Na rantse, na yi kuka, ba ta yarda ba. Washegari ta kai ni wani ƙaramin asibiti can nesa da unguwarmu, inda ba wanda ya san mu. Gwaji ya nuna ba ciki. Nas ɗin ta dube ni ta ce ramar nan ta yi yawa, kuma ɗaukewar jini haka kawai ba lafiya ba ce, mu nemi ganin likita. Inna ba ta ma ji ta ba don murna. A cikin keke muna komawa ta riƙe hannuna tana roƙona gafara. Ni na ji nas ɗin sarai, amma ina tsoron kada a hana ni komawa sansani, sai na yi shiru.

Na ci gaba a haka shekaru. Kwatangwalona na hagu ya fara ciwo, koci ya ce gajiya ce, a gasa da ruwan zafi. A wata gasa a ƙasar waje, ina cikin na gaba, mun wuce rabin hanya, sai na ji wani abu ya karye a jikina kamar busasshen karan dawa. Ba wanda ya ture ni, ban taka komai ba. Na faɗi ina kallon ƙafafun mutane suna wuce ni. A asibiti likitar ta sa tafinta ya gaya min ƙashina ya yi rauni kamar na tsohuwa. Ta tambaye ni yaushe rabona da al'ada, na kasa tunawa. Ta ce yunwa da wahalar horo ne suka tsayar da ita, tsayawar kuma ita ta yi ta cin ƙashin a hankali.

Aka sa min ƙarfe a kwatangwalon. Koci ya leƙo sau ɗaya, kafin in fara takawa har ya samu wata yarinyar. Na dawo Tirwun, Inna da tsufanta ita ke tallafe ni zuwa banɗaki. Da na maimaita mata bayanin likita, sai ta ce ita ta kai ni bakin magani ta dawo da ni.

Yanzu ina ɗingishi, a kan kujera nake sallah. Na yi aure, mun yi shekara da shekaru muna zaryar asibiti neman haihuwa, maigidana yana haƙuri, ni ce na gaji. Ba na zagin gudu, ya kai ni inda ban taɓa zato ba, kuma na san waɗanda suka yi shi da ƙoshi suka gama lafiya. Abin da na koya shi ne, jiki ya yi min gargaɗi tun da wuri, na ɗauki gargaɗin a matsayin yabo.

'Yan mata masu wasanni, duk wanda ya ce sai kin zauna da yunwa za ki yi fice, kofinsa yake nema, ƙafar taki ce. In al'adarki ta ɗauke, likita za ki gani, kada ki tsaya ga maganar ƙawa. Ku kuma iyaye mata, in gwaji ya wanke 'yarku daga abin kunya, kada murna ta sa ku tashi. Ku zauna ku tambaya, to mene ne ke damunta.