Takardar da Ta Makara

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, amma kwanakin da suka biyo bayan ɗaurin ƙanena ba za su taɓa barin raina ba.

Tela ne a unguwar New Bell, mai 'ya'ya huɗu. Wani ɗan sanda ya rantse a kotu cewa da idonsa ya hango shi yana tura babur ɗin sata, sanye da shadda ruwan toka. A kan wannan shaida kaɗai aka yanke masa shekara uku. Abin da alƙali bai ji ba shi ne, ranar ana ɗaurin aure a layinmu, mazan dangin ango duk sun yi ankon wannan shaddar. Akwai ma hoto.

Da na je gidan yari, ya ce, "Yaya, kai ne ka yi karatu. Ka kai musu hoton kawai, ka tambaye su wanne ya gani a cikinmu."

Kwana goma ake bayarwa don ɗaukaka ƙara. Ni kuwa a makarantar mishan na tashi, inda ɗigo ɗaya na tawada kan sa a sake shafi. Ban yarda lauya ya taɓa takardar ɗaukaka ƙarar ba. Na rubuta, na yaga, na sake, har sau bakwai. Matarsa takan tsaya bakin ƙofata kowace safiya.

"Yaya, ko ba ta yi kyau ba, a kai ta haka."

"Ba a shiga gaban alƙalai da Faransancin kasuwa," in ji ni.

Da lissafin ofis na ƙirga kwanakin, na cire Asabar da Lahadi. Kotu ba ta cirewa.

Da na kai ta kotu, magatakarda ya karanta har ƙarshe, ya ce, "Papa, ban taɓa ganin rubutu mai tsabta haka ba. Amma wa'adi ya wuce tun shekaranjiya." Hoton ko ɗaga shi bai yi ba.

Ƙanena ya cika shekarunsa uku, ya fito ba ya iya zura zare a allura. Har ya rasu bai taɓa tayar mini da zancen ba. Da ma ya zage ni.

Takardar tana nan a akwatina, babu kuskure ko ɗaya a cikinta. Ita ta koya mini cewa idan mutum yana kulle, taimakon da ya isa a kan lokaci shi ne daidai, ko da tawada ta zube a kansa.