Ranar da Mai Tafki Ya Rufe Ƙofar Ruwa

Shekara ashirin da uku ke nan yana kula da tafkuna uku na bayan gari, inda ruwan banɗaki da na wanke-wanke na kowane gida yake taruwa. Sunansa na yanka har ya ɓace. Mai Tafki kowa ke ce masa, matarsa ma in ranta ya ɓaci haka take kiransa.

Ruwa yakan shigo baƙi ƙirin ya bi ta ragar ƙarfe, shi kuwa ya sa manjagara ya kwashe leda da tsummoki, wata rana har da haƙoran roba. A tafkin farko laka ta kwanta, a na biyu rana da gansakuka su yi aikinsu, a na uku ruwa ya washe, sannan a sake shi cikin rafi. Ofis na ba shi kwalabe ya ɗiba a kai gwaji, amma hancinsa kan riga takarda. In ya dawo gida, a bakin ƙofa matarsa take tare shi da sabulu.

"Wanka tukuna, gaisuwa daga baya."

A ƙasan rafin yayarsa take da lambu, ita da wasu mata shida, duk da ruwan nan suke ban-ruwa.

Wata Talata da safe ya tarar saman tafkunan yana ƙyalli kala-kala, ƙananan kifaye sun juya ciki sama. Ya tsuguna ya shinshina. Baƙin mai ne. Bai tsaya neman izini ba, ya murɗa ƙarfe ya rufe ƙofar da ruwan ke bi ya shiga rafi, ya hau keke ya gangara.

"Yaya, kada ku ba shuka ruwa yau. Gobe ma haka."

"Kai Auta, tumatir ɗina yana fure! So kake ya ƙone?"

"Baƙin mai ne ya shiga ruwan. Kafin in rufe, wani ya riga ya wuto."

Ta dube shi, gumi sharkaf, takalmi ƙafa ɗaya a karkace. Sai ta juya ta ƙwala wa matan kira su janye tiyo daga rafi.

Daga nan ya koma cikin gari yana ɗaga murfin magudana ɗaya bayan ɗaya, yana leƙawa. Man bai tsaya ko'ina ba sai a garejin mijin 'yarsa. Surukin nasa, bakanike, ya fito da sauri yana goge hannu, ya durƙusa.

"Baba, sannu da zuwa. Lafiya dai?"

"Ina kake zubar da tsohon mai?"

"A kwatar nan, Baba. Ai ruwa yana tafiya da shi."

"Yana tafiya da shi ina?"

Bakanike ya juya ya leƙa kwatar.

"Kulle garejin. Zo in nuna maka."

Kwana huɗu suruki da suruki suna tsaye a bakin tafki, suna watsa garin katako suna kwashewa da kwando, kowa na jin nauyin kowa, magana ba ta wuce "miƙo" da "riƙe". Mai Tafki ya rubuta wa ofis abin da ya faru, da sunan garejin, bai rage komai ba. 'Yarsa ta yi mako ba ta ɗaga wayarsa. Abin ya ci masa rai, har matarsa ta gan shi yana juya cokali a kwano bai kai baki ba. A rana ta takwas 'yar ta zo da kanta, ta ajiye masa sababbin safar hannu na roba a kan tabarma, ta wuce kicin wurin uwarta.

Da gwaji ya dawo lafiya, Mai Tafki ya bar wa bakanike ƙarfen ya buɗe da hannunsa. Yanzu akwai duro a gefen garejin, har maƙwabtansa kanikawa a nan suke juye nasu.

Yaya dai ta yi asarar kunya biyu ta tumatir. A bikin farko da dangi suka haɗu ta ce huɗu ne. Bara sun kai tara, kuma ba wanda ya isa ya gyara mata.