Ƙarfen da Aka Gicciya wa Fijota

Ku da ke karanta wannan, sai da na yi jikoki na koyi riƙe biro, to ba zan ɓata shi wajen tatsuniya ba. Wallahi tallahi a kaina abin nan ya faru, a Ƙonni, zamanin soja, shekarar da na fita takaba. Maigidana ya bar mini Fijo doguwa mai jigila tsakanin Ƙonni da Malbaza, ƙanena Sani ke tuƙa ta, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rage a ɗakinmu.

Gargadar hanyar Dogarawa ta cinye gaban motar, sitiyari ya riƙa rawa. Idi makanike ya ɗaga bonet ya nuna mini inda kawunan shokozoba biyu ke zaune, duk sun tsage. Ya ce, "Hajiya, sai an gicciya ƙarfe daga wanga zuwa wancan, bisa inji, a ɗaure su wuri guda, in ba haka ba wata rana kowace taya ta kama gabanta." Ya jawo wani bututun famfo siriri, na ce Idi ka ji tsoron Allah, wannan ko shanya ba ya riƙewa, ran ƙanena za ka rataya a kai? Na tafi wurin masu tsofaffin ƙarafa da ƙafata. Wani ya yi nauyi, wani tsatsa ta cinye, sai na ga wani bututu mai kauri, miƙaƙƙe, bakinsa ɗaya ya yi sumul kamar taɓaryar da hannu ya daɗe yana riƙewa. Idi ya auna da igiya, ya yanke, mai walda ya daddale bakunan ya huda, aka zaunar da shi kan notunan shokozoba aka ɗaure tam, bonet ya rufu lafiya.

Na shiga gaba don a gwada, Sani ya murɗa makulli, shiru. Aka duba batir, aka tura, shiru. Na fito ina faɗa, ƙafata na taɓa ƙasa motar ta tashi. Na koma, ta mutu. Idi har da riƙe ciki: "Hajiya, ko dai tuwon ne ya yi yawa?" Na ce uwarka ce ta tuƙa shi. A tasha wata mai tallar fura, 'yar firit da ita, ta shiga, motar ta mutu; ta fita, ta tashi. Nan dariya ta ƙare.

Na ce a kwance ƙarfen. Sani ya ce, "Haba Yaya, ga leburorin siminti maza zalla, bari in kai su in dawo a duba." Kafin in rufe baki ya ja. Raina bai kwanta ba, na faɗa wata motar da ke bayansa.

Jama'a, da rana tsaka ne, idona biyu. Motar Sani ba ta tsalle a rami, tana tafiya da sauri tana rangaji dama da hagu, irin na abin da aka ɗauko a kafaɗa. Direbanmu ya ce, "Hajiya, mi a wanga?" Kafin Tsarnawa sai ta bar kwalta, ta ratsa gonar gero da aka girbe, ta nufi maƙabarta. Innalillahi! Ga mutanen gari can tsaye sun gama haƙa kabari, suna jiran gawa daga cikin gari.

Ni da tun da aka haife ni ban taɓa taka maƙabarta ba, don mace ba ta raka gawa, na dira na yar da gyale na sheƙa. Wani tsoho na daka mini tsawa, "Ke! Mace!" Na ce matsa ka ba ni wuri. Motar ta rage gudu tana shiga tsakanin kaburbura, na finciki ƙofar baya na faɗa kan cinyar wani ƙato. Nan take ta mutu, tayar gaba a bakin ramin.

Mazan ciki duk salati suke a hankali, baki ɗaya, ba wanda ya san yana yi. Sani kuwa ya saki sitiyari, hannuwa a miƙe a gefe, ido rufe, fuska ta karkata gabas, jiki sanyi ƙalau. Na kwaɗa masa mari, na ƙara, sai da na ƙara na uku ya ja numfashi ya ce, "Yaya, wa ya sauke ni?"

Ban fito ba sai da aka kawo sifana aka kwance ƙarfen. Tsohon nan ya shafa shi ya ce hannun makara ne. Mai ƙarafa kuma ya rantse daga tsanin motar siminti ya yanko shi, kuma ba masallacin da makararsa ta ɓata. Ni dai ban san na wa zan kama ba.

Sani ya rayu, ya yi 'ya'ya, amma har ya tsufa in aka wuce da gawa sai kafaɗunsa su kumbura. In za ku sa wa mota ƙarfe, ku tambayi abin da ya taɓa ɗauka. In mai shi ya yi inda-inda, ku bar masa kayansa.