Rubutun Umma da Maƙogwaron Baba

Mun tashi da asuba ranar wata Talata, ni da kawuna. Umma ta rako mu har bakin mota da wata gorar roba da ta naɗe cikin leda uku, ta cusa ta a tsakiyar zannuwana. Rubutu ne da malamin unguwarmu ya yi wa Baba. "Kina isa ki ba shi ya sha," in ji ta, "kada ki ba kowa ajiya."

Ga waɗanda ba su ji labarin ba: Babanmu ya kusa shekara saba'in, kuma ya daɗe yana zuwa China saro jakunkunan mata. A wannan zuwan yana tsaye a wani shago a Shiling, garin da ake ɗinka jakunkunan, sai ya yanke jiki ya faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya yi mako biyu a babban asibiti, daga nan suka mayar da shi wani gidan jinyar tsofaffi inda ake koya wa irinsa tafiya da cin abinci daga farko. Saboda wasannin Olamfik an tsananta biza ƙwarai, an hana yayyena maza biyu. Ni da ban taɓa wuce Kaduna ba, ni aka ba, ta kwana talatin; kawu kuwa dama yana da tasa. Kawu ya faɗa mini tun a Legas, inda muka shiga jirgi, cewa jirgi ba zai ɗauki Baba ba sai da takardar likita, kuma in kwana talatin ɗina suka cika babu takardar, dole in dawo in bar shi.

Mun canza jirgi a Addis Ababa. Ban ga komai na garin ba sai kujeru da masu barci a kan jakunkunansu. Rabin jirgin 'yan kasuwa ne, har na ji wasu suna gardamar kuɗin kwantena da Hausar Kano tsantsa, na ɗan ji sanyi. Ni dai salati nake yi duk sanda jirgin ya girgiza, kawu kuwa munshari.

Guangzhou zafi ne mai jiƙa mutum, kamar ka shiga ɗakin da ake dafa wake. Titi a kan titi, wani a kan wancan, ko rami ɗaya ban gani ba daga filin jirgi har masauki. Ko'ina tutoci da zoben nan biyar na wasanni. Mun sauka a wani masauki a unguwar Sanyuanli don ya fi arha, ɗakina bai fi rumfar mai shayi ba amma akwai ruwan zafi dare da rana. Kawu ya gargaɗe ni kada in fita ko ƙofa ba fasfo, don 'yan sanda suna tare baƙi a titin Huanshi Lu. A wajen nan ne na ci abincina na farko, a shagon wasu Musulmin China masu farar hula: taliya ce da mutumin yake ja da hannu a gabanka, da romon saniya. Na nemi yaji, ya ce "meyo", wato babu. Kalmar da na fara koya ke nan, kuma ita na fi ji har na baro ƙasar.

Washegari wata Hajiya 'yar Maraɗi, wadda ta shekara da yawa a can tana harkar atamfa kuma tana jin yarensu, ta raka mu wurin Baba. Na shiga da hanci a toshe, don na san warin ɗakin da marar lafiya ya daɗe a kwance; na yi jinyar kakata, na ga yadda bayanta ya zama. Babu wannan warin. Tagogi a buɗe, ƙasa a goge, ƙarfen dafawa a jikin kowane bango har cikin banɗaki. Tsofaffi a tsakar gida suna ɗaga hannu a hankali suna saukewa, wata ma'aikaciya tana ƙirga musu.

Baba ya rame, bakinsa ya karkace. Da ya gan ni ya ce, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, sai dai kalmar ta fito a jiƙe, da kyar na gane ta. Na durƙusa na gaishe shi.

Mai kula da shi wata nas ce gajeriya, ba za ta wuce sa'ar babbar yayata ba. A kan gadonsa akwai kati mai hoton agogo, duk awa biyu sai an juya shi an sa hannu. Ta ɗaga rigarsa ta nuna mini bayan, fes, ko ja babu. An aske shi, an yanke masa farce. Hajiya ta ce tun ranar farko suka tambayi abin da Musulmi ba ya ci, suka ware masa tukunya. Shinkafa ce damammiya kamar kunu, da kifi da aka cire wa ƙaya. Har dutsen taimama da wani ɗan kasuwa ya kawo sun bar masa a kan durowa, mai shara tana goge ƙarƙashinsa ta mayar da shi inda yake.

Abu biyu ne ban so ba. Na farko, ba su bari a taimake shi. Na ɗauki cokali zan ba shi abinci, nas ta karɓe ta ɗaura masa a hannun da ya shanye, ta tsaya tana kallo yana zubarwa a ƙirji. Da hantsi su zube masa wake a faranti ya yi ta tsinta ɗaya-ɗaya yana zufa. Mutumin da ko takalminsa ba mu bari ya ɗauka da kansa a gida. Na biyu, ba su ba shi ruwa. Sai sun zuba wata farar hoda ya yi kauri kamar koko, sannan a ba shi da cokali, yana zaune tsaf, haɓa a ƙasa. Hajiya ta fassara mini bayanin likita: "Lokotoro ya ce maƙogwaronsa ma ya shanye. Ruwa tsararo ba ya bin hanya, huhu yake tafiya. Kin ji ko, ɗiyata?" Na ce na ji. A raina kuwa na ce wane irin magani ne za a hana dattijo ruwa a wannan zafin.

Kwana uku gorar Umma tana cikin jakata. Kullum ta bugo sai ta tambaya, kullum in ce gobe. Na yi tunanin in na nuna wa nas ruwa baƙi-baƙi a gorar roba za ta zubar. Kuma a ganina rubutu ba ruwa ba ne, addu'a ce, ba za ta cuce shi ba.

Rana ta huɗu bayan azahar, lokacin da suke sauke labule tsofaffi su huta, kawu ya tafi ƙarasa haɗa kayan Baba. Baba ya dube ni ya ce, "Ruwa." Na ce, "Baba, ga saƙon Umma." Idonsa ya kawo hawaye. Na tallabo kansa kaɗan daga kwance, yadda muke yi wa kowane marar lafiya a gida, na kafa masa bakin gorar na ce bismillah.

Kurɓa biyu ya yi. Na jira tari, tari bai zo ba. Bakinsa a buɗe, babu sauti, idanu sun firfito, leɓensa yana sauya kala. Na jijjiga shi, na kira sunan Allah, na manta sarai da maɓallin kira da aka nuna mini. Tsohon da ke gadon kusa, wanda ko gaisuwa ba mu taɓa yi ba, shi ya danna nasa ya riƙe. Nas ta shigo a guje da wata, suka ture ni gefe, suka juya shi kan haƙarƙari, suka zura masa roba a baki, na'ura tana zuƙo ruwan. Ina tsaye ina kallon rubutun Umma yana bi ta cikin robar. Ban san minti nawa aka yi ba. Sai na ji ya ja numfashi da ƙara kamar an yage ƙyalle.

Da yamma zazzaɓi ya rufe shi. Aka ɗauki hoton ƙirji, likita ya ce ruwa ya taɓa huhu, za a sa masa allurai a ga kwana uku. In ya zama ciwon huhu sosai, maganar jirgi a ajiye ta. Kawu bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "'Yar nan, je ki wanke fuskarki." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari nas ta sa aka kira Hajiya, muka zauna a ofishinta, gorar tana kan tebur. Na shirya jin an hana ni shiga wurin Baba. Sai ta tambayi mene ne a ciki. Na ce addu'a ce aka rubuta a allo aka wanke, mahaifiyata ta aiko. Ta tambayi da me ake tawadar, na ce gawayi da ƙaro. Sannan ta yi wata tambaya da sai da Hajiya ta yi dariya kafin ta fassara: "Wai in an tafasa shi aka sa masa hodar kauri, addu'ar tana lalacewa?" Ban sani ba. Na bugo wa Umma, Umma ta aika wurin malam, malam ya ce babu abin da zai same ta. Nas ta ce za ta nemi izinin likita, kuma laifin ba nawa ba ne ni kaɗai, su ma ba su tambaye ni ko na zo da wani abu daga gida ba. Daga nan ta ce tunda ni zan bi shi jirgi, daga yau ni ma ɗaliba ce.

Zazzaɓin ya sauka a kwana na uku. Ranar nas ta kawo rubutun a ƙaramin kofi, an tafasa, ya yi kauri. Ta zaunar da Baba, ta sa ni na riƙe cokalin, ta ɗora yatsuna biyu a maƙogwaronsa don in ji lokacin da ya haɗiye. Na yi gaggawa har cokalin ya bugi haƙorinsa. Ta riƙe mini gwiwar hannu tana cewa "man man", wato a hankali. Cokali biyu ya sha, na ji abin ya wuce ƙarƙashin yatsuna.

Sauran makonnin a can na yi su. Na koyi juya shi ba tare da na ja kafaɗar da ta shanye ba, na koyi duba cikin kumatunsa ko abinci ya maƙale, na koyi naɗe hannuwana in bar shi ya yi fama da maɓallin rigarsa. Wannan na ƙarshe ya fi wuya. Da la'asar ana tura su falo kallon wasanni, tsofaffin suna ihu a kan ƙwallon tebur kamar ana rabon gado. Ranar da aka nuno 'yan ƙwallonmu, tsohon da ya danna maɓalli ya yi ta nuna ni yana nuna talabijin, Baba ya yi dariya da rabin baki. Shiling ma na je sau ɗaya da kawu, tafiyar kusan awa ɗaya a mota. Gari guda warin fata da gam, jakar da ake rantsuwa a Kano cewa daga Italiya take na gan ta a tule kamar albasa. Mai shagon da Baba ya faɗi a wurinsa ya ba ni kwandon lemo in kai masa.

Saura kwana huɗu bizata ta ƙare likita ya zo gwaji. Baba ya taka daga gado zuwa ƙofa da sanda mai ƙafa huɗu, ya zauna, ya ci, ya sha mai kaurin, likita yana sauraron ƙirjinsa. Likita ya sa hannu a takardar. Ruwa tsararo dai har yanzu an hana. Nas ta ba ni gwangwanin hoda shida da takarda mai zane-zane, tunda ba mu da yare ɗaya. Na ce mata "shie shie", wato na gode, ita kaɗai ce godiyar da na iya, na yi ta maimaitawa har ta tura ni waje tana dariya.

Mun sauka Kano da rana, gida ya cika da 'yan sannu da zuwa. An kwantar da Baba a falo ke nan sai Gwaggo, yayarsa, ta taho da moɗa cike da ruwan randa, ta tallabo kansa. Ban san lokacin da na tsallake mutane na riƙe wuyan hannunta ba.

"Ke, ni za ki koya wa jinya? Ni na goya ubanki."

"Gwaggo, ki yi haƙuri, ki dake ni in kin so, amma ba zai sha wannan ba."

Baba ya ɗaga hannun hagu. A hankali, kalma ɗaya-ɗaya, ya ce, "Yaya, ba ta moɗar." Ta ba ni, ba ta yi mini magana ba har ta tafi. Na dama, na zaunar da shi, na ba shi a gaban kowa.

Na tafi ina ganin jinya ita ce ka yi wa mutum duk abin da ya roƙa, ka hana shi wahala. Mutanen can sun nuna mini cewa aiki ne da ake koya, da agogo da haƙuri, kuma mai ƙaunar marar lafiya yana iya kashe shi da hannunsa yana bismillah. Sun ga abin da na yi, ba su kore ni ba, ba su raina abin da na kawo ba, suka koya mini. Yanzu Baba yana zuwa masallacin ƙofar gida da sandarsa. Ni kuwa ko daga wane ɗaki na ji ya yi tari, sai na ajiye abin da ke hannuna na tsaya, har sai na ji ya ja numfashi na gaba.