Sunan da Aka Rubuta a Shinkafa

A garin Wai, idan ka tambayi gidan Sulabha-bai sai an tsaya ana tunani. Amma ka ce gidan Dinkar-rao marubuci, ko mai tallar kwakwa a bakin kogi zai nuna maka da haɓa. Ita kuwa tana can ciki, gajeruwar mace mai saurin hannu, wadda maƙwabta suka sani da abu biyu: iya gashin bhakri, wainar dawan nan, da rashin yawan magana. Na biyun ba gaskiya ba ne. Ba su dai san wanda take yi wa maganar ba.

Ba da sunan Sulabha ta zo duniya ba. Kalindi mahaifinta ya raɗa mata, a wani ƙauye bayan duwatsu, kuma da yake ita ce 'yar fari, ƙannenta Tai kawai suke ce mata, wato Yaya. Kalindi kuwa akwai baki. In ta dawo daga rijiya sai ta kwaikwayi muryar duk matar da ta tarar a can, uwarta na riƙe ciki don dariya tana cewa ta yi a hankali kar a jiyo. Bayan ta gama sakandare aka kawo maganar wani malamin makaranta na Wai. Ta gan shi, ya gan ta, babu wanda ya tilasta wa kowa. Burge ta ma ya yi, don da littafi a hammata ya zo.

Ranar da aka kai ta gidansa aka ajiye farantin ɗanyar shinkafa a gabansu, kamar yadda aka saba. Ango ya zare zobensa ya rubuta sabon sunan amarya a kan shinkafar, mata sun yi dafifi suna leƙe. Aka ce ta karanta. Ta sunkuya ta karanta: Sulabha, mai sauƙin hali. Surukarta ta ce suna ya yi, saura a ga ko za ta ci shi. Wata tsohuwa ta sa tafin hannu ta shafe rubutun, aka ɗauke farantin. Abin bai dame ta ba a ranar. Haka aka yi wa uwarta, haka aka yi wa kakarta.

Dinkar na son zama marubuci, sai dai Allah bai hore masa kunne ba. Abin da yake rubutawa duk sarakunan da ne da yaƙe-yaƙe, mujallu kuwa suna dawo masa da kayansa. Da rana in ya dawo daga makaranta sai ya zauna a kan ƙaramin katakon cin abinci, ita tana gaban murhu tana gasa bhakri tana miƙa masa da zafinsa, don mace ba ta ci sai miji ya tashi. A wannan zaman ne bakin Kalindi yake dawowa. Wata rana ta ba shi labarin matar ɗan gidan da ke bayansu, wadda duk wata in tana al'ada ake zaunar da ita a kusurwar bayan gida kwana da kwanaki, ba ta taɓa tulu, ba ta taɓa kowa. In yara suka tambaya sai a ce musu hankaka ne ya taɓa ta. 'Yar matar, ƙaramar yarinya, ta wuni a tsakar gida tana jifan hankaki da tsakuwa don su ƙyale mata uwa. Ta ba da labarin da muryar yarinyar, da ta kakar, har da ta hankakan, sannan ta ƙara da cewa yarinyar ba ta san ita ma suna nan suna jiranta ba. Dinkar ya tsaya da loma a hannu.

Labarin ya fito a mujallar bikin Diwali ta wannan shekarar, da sunansa a kai. Ta yi murna ƙwarai. Ta karanta ta ga maganarta ce tsaf, bai canza komai ba sai sunayen mutane. Wata shekarar ma haka, da ta bayanta. Sai da aka yi nisa ta yi ƙarfin halin tambaya, idonta a kan murhu, ko wannan karon za a sa sunanta kusa da nasa.

Dariya ya yi, ba ta mugunta ba. "Ke dai kin cika ban dariya. Matar malamin makaranta, sunanta a mujalla, a kan labarin matar da ta yi wa mijinta tsaye? Inna za ta karanta fa. Ki bari a kwana biyu."

Ta bari. Inna ta rasu, ɗansu Shirish ya girma ya tafi birnin Pune aiki, maganar ba ta sake tasowa ba. Dinkar-rao ya yi suna. Ana gayyatarsa taro a yafa masa mayafin girma, a rataya masa furanni, a ce ga namijin da ya san zuciyar mata. Ya hau mimbari ya yi ta faɗa a kan yadda ake danne mata a ƙasar nan, har mata a layin baya suna share ido, ya dawo gida ya zauna a kan katakonsa a miƙa masa bhakri. Kuma fa a faɗi gaskiya, ba mugun miji ba ne. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, duk Diwali da sabon sari, zanen matan nan, yake shigo mata, in ta yi zazzaɓi rikicewa yake. Abin da ya fi ciwo ke nan, don ba ta da wani laifi babba da za ta nuna ta ce ga shi. Iyayenta suka rasu ɗaya bayan ɗaya, kuma da su aka daina kiran Kalindi a duniya.

Da tsufa ya zo, ciwon zuciya ya kwantar da shi ya tashe shi. A daidai nan wani mai buga littattafai a Pune ya ce zai tattara labaransa duka a littafi ɗaya. Ko tsoron mutuwa ne, ko kunya ce ta daɗe tana cinsa, ita dai ba ta sani ba. Yana cin abinci ya ce, ba tare da ya kalle ta ba, wannan karon zai faɗi gaskiya a shafin farko, zai rubuta cewa labaran na Sulabha ne.

Hannunta ya tsaya a cikin ƙullun. Abin da ta daina sa rai da shi ke nan, sai ga shi ya zo, kuma sai ta ji bai ishe ta ba.

"Aho," ta ce, kiran da take yi masa tunda ba ta faɗin sunansa, "Sulabha ba ta taɓa ba da labari ba. Girki take yi. In za ka sa, ka sa sunana na gidanmu."

"To," ya ce. Ya buɗe baki zai maimaita sunan, sai ya rufe. Ya ɗauki ruwa ya sha. Ta ga yadda idonsa yake yawo a bango, ta gane ya manta sunan. Ta juya bhakrin da ke kan wuta.

Kalma ɗaya ce, da ta faɗa da an wuce wurin. Amma zuciya ta hana ta. Ta ce a ranta mutumin da ya shafe mata suna da hannunsa, ko ba komai ya kamata ya san abin da ya shafe. Shi kuma girman kai da kunya suka hana shi tambaya, balle ya je wurin ƙaninta ya ce ya manta sunan matarsa. Sai ya koma zagaye-zagaye. Yau ya tambaye ta labarin ƙauyensu, gobe ya ce wai me babanta yake ce mata in ta ɓata masa rai. Ta ce, "Ke yarinyar nan." Ta san abin da yake lalube, ta bar shi yana lalubawa. Tana ganin in ta ƙara masa kwana kaɗan zai tuna da kansa, ita kuma tunawar take so fiye da shafin. Wata safiya ya tashi da fara'a ya aika da takardun littafin zuwa Pune, ta ɗauka ya tuna. Ranar har da abin zaƙi ta dafa masa.

Kafin damina ta sauka ya rasu. Ta goge jan ɗigon goshinta, ta cire sarƙar aure, kamar yadda duk matar da mijinta ya rasu take yi. Bayan wata biyu littafin ya iso, ta zauna a bakin ƙofar kicin ta sa tabarau ta buɗe shafin farko. A ƙarƙashin sunansa an rubuta: Labaran nan na Kumudini ne, ni rubutawa kawai na yi.

Ta daɗe tana kallon sunan. Harafin farko dai ya samu. Ba haushinsa ta ji ba, tausayinsa ne ya kama ta, da haushin kanta, don ta ga yadda ya yi ta fama shi kaɗai tana zaune kusa da shi da amsar a baki.

Garin Wai kuwa ya samu abin taunawa. Ashe tsohon malamin yana da wata a ɓoye! Wasu suka ce malama ce a garin Satara, wasu suka ce mawaƙiya ce, har aka samu wanda ya rantse ya taɓa ganinsu a tashar mota. Masu sharhi a jarida suka ce yanzu aka gane inda ya samo sanin zuciyar mata. Shirish ya bugo waya yana tambayar uwarsa wace ce wannan matar. Ta auna: ko dai ta bar shi da uba mai farka, ko ta ba shi uban da ya yi rayuwa guda da mace bai san sunanta ba. Ba ta iya zaɓar wanda ya fi sauƙi ba, sai ta ce masa ya ci abinci, za su yi magana.

Da la'asar Tarabai ta gidan gaba ta shigo da ɗan kwanon mangwaro, ta zauna kusa da ita ta dafa mata gwiwa.

"Sai haƙuri, Sulabha. Duk haka suke, har masu tabarau. Kina nan kina ƙona yatsu a murhu, wata can tana kwasar yabo." Ta rage murya. "Don Allah, kin san ta?"

Sulabha ta rufe littafin ta ɗora a cinya.

"Ko shi ma bai san ta ba," ta ce.