Ajin Malam Lafaele Ya Yi Shiru

Duk wanda ya yi sakandare a ƙauyenmu da ke tsibirin Savai'i, a wurin Malam Lafaele ya koyi faɗin abin da ake cikin yi da Turanci. Bai damu da allo ba. Sai ya yi tsalle, ko ya ɗauki tsintsiya ya mai da ita abin tuƙa kwalekwale, yana ihu: "Me nake yi?" Yara su amsa da Turanci, su tashi su ma su yi. Ni da ke koyar da lissafi a ajin kusa na sha yi masa tsiya: "Lafaele, makaranta ce ko filin rawa?"

Bara ciwon sukari ya ci ƙafarsa, aka yanke. Ya dawo a keken guragu. Shugabar makaranta, Madam Pelenise, ta ba shi zango ɗaya: in ajin bai farfaɗo ba, ya je gida ya huta. Mutumin da ba mata ba ɗa, wane gida?

Ya ce da sauƙi, yara su yi, shi ya tambaya. To amma mu nan yaro ba ya tsayawa a kan babba yana zaune. A nono suka sha wannan.

"Talalelei, tashi ka yi gudu!"

Talalelei, ƙato guda, ya miƙe rabi, ya koma ya zauna.

"Malam, in babana ya ji, na shiga uku."

"Ni na sa ka, ɗan nema!"

"Ƙafar ce ta ƙi, Malam."

Sai da maganar ta fita ya ji abin da ya faɗa. Ajin ya yi tsit. Shirun nan ya fi hayaniyarsu ta baya damun raina.

Ana gab da hutu Lafaele ya kira ni.

"Abokina, ɗora ni kan tebur. In na fi su tsawo za su tashi."

Na ce hauka ne, amma na kama, na ɗora shi har da keken. Yaran kuwa suka tashi. Sai dai ba wanda ya yi gudu, ba wanda ya yi dariya. Kewaye shi suka yi, kowa ya dafe taya kada ya gangaro.

"Me kuke yi?" ya tambaya.

Wata yarinya ta amsa da Turanci tsaf, ba kuskure ko ɗaya: "Muna riƙe ka, Malam."

Madam Pelenise na tsaye bakin ƙofa. Ba ta yi faɗa ba. A hankali ta ce mini, "Sauko da shi."