Darlene, wadda 'yata ta yarda da maganarta

Mu makiyayan shanu ne a wani ƙauye a Wisconsin. Maigidana Curtis na tatsar madara, ni ina koyarwa a firamare. Muna da komai daidai gwargwado, sai dai babu likitan yara kusa da mu. Abin da muke da shi Darlene Pribbernow ce, ma'aikaciyar jinya a asibitin gunduma, wadda za ta ajiye aiki ƙarshen watan nan.

Kullum da safe takan zaga ɗakin yara da kofin shayi a hannu, tana kiran kowane yaro Shugaba. Iyaye sun shaida ba ta taɓa yi wa yaro magana a tsaye ba, sai ta durƙusa.

'Yata Annika na da shekara bakwai cikinta ya kumbura. Likita ya ce wata jakar ruwa ce kusa da hanji, da ita aka haife ta, kuma ba ciwon daji ba ne. Aka sa siririn bututu aka zuƙe ruwan, aka zuba maganin da zai sa jakar ta manne. In ta sake cika, sai tiyata.

Ruwan ya fito fari kamar madara. Annika ta gani, ta tuna kofin madarar da nake tilasta mata sha kowace safiya. Daga ranar ta daina yi mini magana, ta ƙi abinci, tana ta ramewa. Na yi bayani, na zana hoto, ta juya wa bango fuska.

Darlene ta zo ta zauna a ƙasa, suka yi ta hirar shanu. Can ta ce, “Shugaba, maraƙin da aka haifa da ƙaton cibi, uwarsa ce ta yi masa?”

“Ke ba ki san shanu ba,” in ji Annika. “Haka yake zuwa.”

“To, ke fa?”

Sai Annika ta nemi miyar kaza, amma a hannun Darlene.

Darlene, ina kishinki har gobe. Maganar da na yi ta maimaitawa ke kika faɗa sau ɗaya aka karɓa. Hoton da Annika ta zana da ta warke, ke ce a tsakiya, ni ina gefe riƙe da jaka. Na yi miki ƙorafi, kika ce in gode Allah an sa ni a ciki. Ke ce mai durƙusa wa yaro, na gode. Masu tasowa a aikin nan, ku koyi zama a ƙasa.

Ranar da aka sallame mu, a hanyar gida Annika ta riƙe hannuna ta ce, “Mama, Darlene ta ce da shi na zo.” Ta gane cewa ba ni na sa mata ciwon ba.